Duwatsun da ke shayar da Haɗeja

Wanda aka haifa a Haɗeja zai iya girma har ya yi furfura bai taɓa hawa dutse ba. Duk inda mutum ya juya daga ƙofar gari, ƙasa ce shimfiɗe kamar tabarma: fadamu, gonakin shinkafa, kurmin goruba, sai jigayin yashi nan da can waɗanda ko jaki ba ya haki idan ya hau su. Ko tsakuwar da ake kwaɓa kankare da ita sai an yi lodinta daga wasu garuruwa. Amma kifin da ake banda a garin, da shinkafar da ake sussuka a Auyo, da alkamar da ake girbe a Kirikasamma, duk ruwan da ya raine su daga kan duwatsu ya gangaro, duwatsun da akasarin mutanen masarautar ba su taɓa sa su a ido ba, wasu ma ko sunayensu ba su taɓa ji ba.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ruwan saman da ke sauka a ƙasar Haɗeja a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke, rana da iskar hunturu su shanye abin da ya kwanta. Da wannan ruwa kaɗai aka dogara da shi, da Haɗeja ƙasar gero da wake ce kawai, kamar sauran garuruwan da ke bakin hamada. Abin da ya bambanta ta shi ne baƙon ruwa, wanda ya sauka a wata ƙasa mai nisan ɗaruruwan kilomita, ya yi tafiyar kwanaki, sannan ya zo ya baje a fadamunta. Saboda haka duk mai son ya fahimci Haɗeja, dole ya bi kogin nan baya-baya har ya ga inda ya fito.

Bin kogi zuwa mafarinsa

Idan ka bar gadar Haɗeja ka fuskanci kudu maso yamma, farkon abin da za ka tarar shi ne madatsar da ke kusa da Auyo, wadda ke karkata ruwa zuwa filayen noman rani na Kwarin Haɗeja. Daga nan kogin zai bi da kai ta Miga da Taura da Ringim. A duk wannan tsakani babu gaggawa a tafiyar ruwan. Yana lanƙwasa, yana rabuwa, yana sake haɗuwa, domin ƙasar ba ta da gangare. Haɗeja tana kan tudun da bai fi mita 360 daga doron teku ba, Tafkin Chadi kuma, inda ruwan ya dosa, yana wajen mita 280. Wato a tafiyar da ta haura kilomita 350, saukar da ruwan zai yi ba ta kai mita 100 ba. Ga kuma tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta fi haka matsowa kudu, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, suna tare ruwan suna rarraba shi. Irin waɗannan jigayi ne suka ba wa jihar suna lokacin da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Kana matsawa wajen Wudil ƙasar za ta fara sauya kama. Yashi mai zurfi zai ragu, fā da duwatsu su fara leƙowa daga ƙasa. Masana ilimin ƙasa sun ce a wannan yanki ne iyakar shimfiɗu biyu take: daga gabas yashi da laka na Kwarin Chadi, waɗanda ke tsotse ruwa su ajiye shi a ƙarƙashin ƙasa, daga yamma kuma tsohon dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa, sai dai ya tura shi gaba. Wannan bambanci shi ne sirrin rijiyoyin ƙasar Haɗeja. Abin da dutse ya ƙi sha a ƙasar Kano, shi yashi ke shanyewa a Jigawa, manomin rani ya haƙa ɗan rami ya sa injin ya jawo shi.

Gaba da Wudil, a kudu da birnin Kano, za ka iske inda aka haifi Kogin Haɗeja, wato mahaɗar Kogin Challawa da Kogin Kano. Challawa daga tuddan yamma yake zuwa, wajen iyakar Kano da Katsina da Kaduna, kuma an datse shi a Ƙaraye a 1992. Kogin Kano kuwa daga kudu yake fitowa, shi ne aka datse a Tiga, aikin da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tafkin Tiga an gina shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2, na Challawa kuma kusan rabin haka. Waɗannan madatsu biyu su ke riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Bahaɗejen da ya tsaya a kan ganuwar Tiga ya dubi wannan teku na ruwan daɗi, yana kallon makullin gonarsa ne a hannun wani, kilomita 200 daga gida.

Daga Tiga sai ka kama hanyar Jos ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore. Nan iska za ta fara sanyi, itatuwa su yi tsayi, hanya ta soma hawa. A Ƙaramar Hukumar Doguwa duwatsun Riruwai za su bayyana, sun yi zobe sun kewaye kansu, kololuwarsu ta haura mita 1,000. Nan ne ƙasa mafi tudu a Jihar Kano, tsohon wurin haƙar kuza, kuma daga wannan yanki ne ƙoramun da ke zama Kogin Kano suke tsattsafowa. Idan ka ci gaba ta Saminaka za ka hau Tsaunin Jos kansa, wanda matsakaicin tsayinsa ya kai wajen mita 1,280, duwatsun Shere da ke gabashin birnin kuma suka kai mita 1,829. Ruwan saman Jos ya ninka na Haɗeja fiye da sau biyu.

Tsaunin Jos kamar jinkar ɗaki yake a tsakiyar Arewa: ruwan da ya sauka a kansa gida uku yake rabuwa. Wani ya bi Kogin Kaduna ya faɗa Neja, wani ya bi Gongola ya faɗa Binuwai, dukansu su ƙare a Tekun Atlantika. Kashi na uku shi ne namu. Kogin Dilimi da ke ratsa cikin garin Jos yana gangarowa arewa maso gabas, ya haɗu da wasu ƙoramu ya zama Bunga, ya ratsa ƙasar Ningi ya zama Kogin Jama'are, ya wuce ta Katagum, ya baje a fadamun da ke gabas da Haɗeja, sannan ya haɗu da abin da ya rage na Kogin Haɗeja kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe. Ɗigon ruwa biyu za su iya sauka a dutse ɗaya, ɗaya ya ƙare a teku, ɗaya ya ƙare a gonar shinkafa a Guri.

Bakan dutse a gabashin Turai

Wannan zama na mai fadama da mai dutse ba mu kaɗai muke yin sa ba. A taswirar Turai, idan mai karatu ya dubi arewa maso yamma da Bahar Aswad, zai ga jerin duwatsu sun lanƙwasa kamar lauje. Su ne duwatsun Karfatiya. Sun faro daga bakin Kogin Danub kusa da Biratislaba, babban birnin Sulobakiya, suka yi arewa maso gabas ta iyakar ƙasar Cek da Foland, suka karkata ta yammacin Yukren, suka gangara cikin Romaniya, sannan suka juyo yamma suka sake taɓa Danub a wata matsatsiyar kwazazzaba da ake kira Ƙofofin Ƙarfe, a iyakar Romaniya da Sabiya. Tsawonsu kimanin kilomita 1,500 ne. Kusan rabinsu a Romaniya yake. Kololuwarsu mafi tsayi, Gerlak, tana cikin duwatsun Tatra na Sulobakiya, mita 2,655. Mafi tsayi a Romaniya ita ce Moldobeyanu, mita 2,544, a Yukren kuma Hoberla, mita 2,061. A wurin masana, yara ne idan aka gwada su da tsohon dutsen da ke ƙarƙashin Kano da Jos, domin tare da duwatsun Alf suka taso. Har yau dazuzzukansu na cikin wuraren da manyan namun daji irin su kyarkeci suka fi yawa a Turai.

A cikin wannan lauje akwai wani fili shimfiɗaɗɗe, ƙasar alkama da masara da kiwo, wato babban filin Hungari. Kogin da ke ratsa shi, Tisa, daga Karfatiyar Yukren yake tasowa, manyan rassansa kuma daga Romaniya da Sulobakiya. Tun da yarjejeniyar Tirayanon ta 1920 ta sake zana iyakoki bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Hungari ta tashi da fili, maƙwabtanta suka tashi da duwatsu. A yau kimanin kashi 95 cikin 100 na ruwan kogunan ƙasar daga wajen iyakarta yake shigowa. Bahaɗeje ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane wannan hali.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, Tisa kogi ne mai yawan lanƙwasa wanda ke malala duk shekara idan ƙanƙarar duwatsu ta narke, ya bar fadamu da tafkuna cike da kifi. Daga 1846 aka shiga aikin miƙar da shi bisa tsarin wani injiniya mai suna Pal Vasarhelyi. Aka yanke lanƙwasa sama da 100, aka rage tsawon kogin daga kilomita 1,419 zuwa 966, aka yi masa jinga ta dubban kilomita. An sami gonaki masu yawa, amma fadamu suka bushe, masunta suka rasa sana'a, ruwan da aka matse tsakanin jinga biyu kuma ya ƙara gudu da tsayi. A watan Maris na 1879 ya fasa ya shiga birnin Seged da dare, daga cikin gidaje sama da 5,000 'yan ɗaruruwa ne kawai suka tsaya. Bayan manyan ambaliyoyin da aka yi tsakanin 1998 da 2001, Hungari ta koma tana keɓe filaye na musamman inda za a buɗe wa kogin ƙofa ya baje idan ya cika. Abin da Allah Ya ba Haɗeja kyauta, su da kuɗi suke sake gina shi.

Ba ambaliya kaɗai dutse ke aikowa ba. A ranar 30 ga Janairun 2000, madatsar wani wurin tace zinariya a Baya Mare, cikin duwatsun arewacin Romaniya, ta fashe, gurɓataccen ruwa mai gubar sayanaid kimanin kubik mita 100,000 ya kwarara cikin ƙoramu, ya shiga Tisa, ya kashe kifi tan-tan a Hungari da Sabiya, har ya kai Danub. Masuncin da ya wayi gari ya ga kogi ya yi fari da matattun kifi bai taɓa zuwa Baya Mare ba. Shekara uku bayan haka, a 2003, ƙasashe bakwai, wato Cek da Sulobakiya da Foland da Hungari da Yukren da Romaniya da Sabiya, suka sa hannu a birnin Kiyef kan yarjejeniyar kula da duwatsun Karfatiya tare, duk da bambancin harshe da tsohuwar gaba da ke tsakanin wasunsu.

Abin da ya sami fadama

Mu dawo gida. Kafin a datse Tiga, kogin yana da ƙa'idar da kowa ya sani. Ya cika a watan Agusta da Satumba, ya malale fadamu, ya janye da kaka, ya ƙafe da rani. A kan wannan ƙa'ida aka gina rayuwa: a shuka shinkafa ruwa ya taso da ita, idan ya janye a bi danshi a shuka wake da sauran kayan fadama, masunta su kama kifin da ya hayayyafa a cikin ciyawa, Fulani su gangaro da shanu su ci sabon tsiro. Fili ɗaya, sana'a uku ko huɗu a shekara, kowa da lokacinsa. A shekarun kirki kafin madatsu, ruwan kan rufe fili sama da murabba'in kilomita 2,000 tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Bayan Tiga da farin shekarun 1970 da 1980, akwai shekarun da bai kai 1,000 ba.

Ba za a yi wa madatsun nan butulci ba. Da su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman tumatir da shinkafa da alkama a Kura da Kadawa da Bunkure, da su kuma filayen Auyo ke kore a tsakiyar bazara. Sai dai tun farkon shekarun 1990 wani bincike da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi ya nuna cewa, idan aka haɗa noma da kamun kifi da itacen girki, amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa da ya baje a fadamar Haɗeja da Nguru ya zarce wanda ake samu idan an tsare shi a manyan filayen noman rani na sama nesa ba kusa ba. Ba a cika tuna wannan lissafi ba idan ana rabon ruwa, domin mai fadama ba ya zaune a inda ake buɗe ƙofar madatsa.

Babban abin da ya sauya shi ne lokaci. Yanzu ruwa na gudana a kogin har da rani, ba yawa, amma ba ya yankewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Da can fari na shekara-shekara ke kashe ta. Da ta sami danshi na dindindin sai ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tare laka, ta toshe su. A gabas da Haɗeja, inda kogin ke rabuwa zuwa tsohuwar hanyarsa da Burum Gana da Marma, toshewar ta sa akasarin ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Ƙauyukan wannan gefe gonakinsu suka nutse, na wancan gefe suka bushe. Kacalar kuma ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki, masu tashi kamar hayaƙi su sauka a gonar shinkafa su bar manomi da kara. Idan aka yi damina mai ƙarfi a duwatsu, madatsu suka tumbatsa, ruwan ya iso ya tarar da hanya a toshe, sai ya nemi wata, ta cikin gidajen mutane. Wanda ya ga yadda jama'ar Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da yashi a bakin jinga a 2020 da 2022, ya ga yadda Auyo da Ringim da Kafin Hausa da Guri suka sha ruwa, ya san ba tatsuniya ake yi ba.

Duk da haka fadamar ba ta mutu ba. Dausayin Baturiya a Kirikasamma da tafkin Nguru suna cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Duk hunturu agwagin ruwa da wasu tsuntsaye kan taso daga Turai, su tsallake Bahar Rum da Sahara, su sauka a nan, domin shi ne ɗaya daga cikin ruwaye na farko da suke tararwa bayan hamada. Saboda su ne Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989. Abin da ya raya wannan wuri har yau, kaso mai tsoka nasa daga Kogin Jama'are ne, wanda babu babbar madatsa a kansa. Shi ya sa batun madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, da aka fara tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka dakatar, yake ta da jijiyar wuya duk lokacin da aka ɗauko shi: Bauchi na hangen noman rani, Yobe da Borno na hangen ƙishirwa. Ƙananan hukumomin gabashin masarautar Haɗeja suna da ruwa da tsaki a wannan magana, ko da ba a cika jin muryarsu a ciki ba.

Abin da ya rage mana

Hukumomi ba su muka rasa ba. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976, kuma a 2006 jihohi shida, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya a Damaturu suka kafa asusun kula da wannan kwari. Jerin sunayen nan shi ne hanyar ruwan kanta, daga dutse zuwa tafki. Idan ƙasashe bakwai masu tuta bakwai za su iya zama teburi ɗaya saboda jerin duwatsu guda, jihohi shida na ƙasa ɗaya ba su da hanzari.

Abin da mutumin fadama ke buƙata ba boyayye ba ne. Na farko, sanarwa. Ruwan da ya tumbatsa a Tiga ko Challawa kwanaki yake yi kafin ya iso Haɗeja, kuma a zamanin da kowane manomi ke da waya da rediyo, bai kamata ruwa ya riga labarinsa isowa ba. Na biyu, a riƙa sakin ruwan madatsu da tsarin da ya yi kama da ƙa'idar kogin ta asali, a ba fadama cikarta da damina, a kuma bar wasu hanyoyin su bushe na ɗan lokaci da rani don a karya lagon kacala. Na uku, yashe hanyoyin ruwa ya zama aikin kowace shekara mai kasafinsa, maimakon aikin da ake tunawa da shi bayan gari ya nutse. Na huɗu, a sa ido a kan abin da ke faruwa a sama. Itacen da aka sare a Falgore, da ramin ma'adinin da aka buɗe a Riruwai, da dagwalon masana'antun fata da ke malala cikin Challawa, duk a cikin ruwa ɗaya suke tahowa, laka da guba kuma a inda ƙasa ta kwanta suke kwanciya.

Na ƙarshe ya shafi ɗalibai da malamansu. Yaranmu na haddace sunayen duwatsun Turai da Asiya don cin jarrabawa, wanda ba laifi ba ne, domin ga shi labarin Karfatiya da Tisa ya haska mana namu. Amma ɗalibin sakandare a Haɗeja ko Malam Madori ya cancanci a nuna masa Riruwai da Shere a taswira, a ce masa daga nan shinkafar gidanku take sha. Makarantar da za ta iya, ta ɗauki ɗalibanta a mota ta kai su Tiga su ga ƙofar ruwan da idonsu, su wuce Falgore su hau dutse ko sau ɗaya. Daga cikin waɗannan yara ne za a sami injiniyoyi da 'yan majalisar da gobe za su zauna a teburin rabon ruwa, kuma wanda ya san inda koginsa ya fito shi ne zai san abin da zai nema idan ya zauna.